Birkin Baya da Murhun Jego

Motar mahaifina ta daɗe a rumfar ƙofar gidanmu a Soron Ɗinki, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Baƙa ce, ƙirar Ingila, ta kafin yaƙin Hitila. Da ita yake zagaya ƙauyuka lokacin awon gyaɗa. Ya rasu ina makaranta a Zariya. Da aka zo rabon gado kowa ya zaɓi abin da ya san yadda ake cin sa, ni aka bar mini ita, don babu mai so.

Na gama sakandare na dawo gida na zauna. Baffa Hambali, ƙanen mahaifina, wanda gidan ya koma hannunsa, ya yi mini maganar aikin akawu a En'e har bakinsa ya gaji. Ban ce a'a ba, ban kuma je ba. Kullum ina cikin rumfa. Kafin damina ta yi nisa na tashi injin, unguwa ta fito kallo, aka yi ta tafi kamar ni na ƙera shi. Babu wanda ya tambayi ko tana tsayawa. Ba ta tsayawa. In ka taka birki ƙafarka sai ta tafi har ƙasa, kamar ka taka ruɓaɓɓen kabewa.

Wata ranar Alhamis Baffa ya kira ni zaure, a gaban mutanensa na zaman hira.

"Ilu, rumfar nan nake so. Gyaɗa na tafe."

"Mota na ciki."

"Na gan ta. Kaji ma sun gan ta." Aka yi dariya, don shi ke sayen goron zauren. "Ka san ƙanwarka Mardiya ta sauka. Ranar da ta yi arba'in za a mai da ta ɗakinta a Wudil. In motar nan ta kai ta, to mota ce, sai ta zauna, ni in nema wa buhunana wani wuri. In ba ta kai ta ba, ƙarfe ne, Mailafiya ya zo ya kwashe. Ka yarda?"

Mailafiya maƙeri ne a Jakara. Yana zaune a bakin ƙofa, yana kallon yatsun ƙafarsa kamar ba da shi ake ba.

Na ce na yarda. Ba ni da wurin da zan kai ta ko da ban yarda ba. Lungunan birni jaki biyu ma sai ɗaya ya raɓa.

Washegari na fara. Na tokare ƙafafun gaba da duwatsu, na ɗaga baya da jak, na cusa tsofaffin turame biyu ƙarƙashin ƙarfen da ya haɗa ƙafafun baya, don ban yarda da jak ba. Na kwance tayoyi. Bayan kowace taya akwai wani kwanon ƙarfe mai nauyi, faɗinsa kamar akushi, yana juyawa tare da tayar. A cikinsa akwai takalma biyu masu lanƙwasa kamar jinjirin wata. In ka taka birki, mai ya tura su, su matse kwanon daga ciki, mota ta tsaya. Iyakar ilmin ke nan. Mutanen zaure ba su taɓa tambaya ba, amma kowa na da fatawa.

Kwanon dama ya fito da lalama. Na hagu ya ƙi. Na sassauta takalman ta baya, na zuba kananzir, na yi ta bugunsa da guntun taɓarya, ina juyawa ina bugu, har ya saki. Abin da na tarar a ciki bai ba ni mamaki ba. Takalman sun cinye har kan ƙusoshinsu. Robar da ke riƙe mai ta narke ta zama kamar danƙo, man ya tsiyaye ya haɗu da ƙura ya zama baƙar laka. Zanzaro ya yi gida a jikin sifirin.

Ɗantani dillali ya leƙo da goro a kunci. "Malam Bature, man gyaɗa za ka zuba masa. Babu ƙarfen da ba ya jin man gyaɗa."

Ban ɗago ba.

"Ko kuwa ka kai takalman nan wa dukawa su sa musu kirgi. Kirgin Kano har Turawa na saye."

"In na gama sai in sa maka shi a baki," na ce, a hankali, yadda zai iya yin kamar bai ji ba. Ya yi kamar bai ji ba.

Mailafiya ba ya magana. Kowace safiya, a hanyarsa ta zuwa maƙera, sai ya tsaya ya gaishe ni da kyau, ya tsuguna, ya sa taƙi yana auna ƙarafan da ke ɗauke da bayan motar. Wuƙaƙe yake gani, da fartanyu. Ungulu ba ta jewar banza.

Na wanke kwanonin nan biyu da fetur, na goge cikinsu da samfefa har suka yi haske. Na rataye kowanne a yatsa na ƙwanƙwasa da sifana. Lafiyayyen kwano ƙara yake yi mai tsawo, kamar ƙararrawar makaranta. Duka biyu suka amsa. Na kife su a kan dakali su sha iska, na hau kekena na tafi Sabon Gari.

Wani Bayarabe mai kayan mota ya tono mini sababbin fatun takalma, da ƙusoshin tagulla, da robobi, da gwangwanin man birki. Ya ce in lallaɓa kwanonin, don irinsu ya ƙare, sai dai a aika Ikko, Ikko kuma ta aika Ingila. Na bar masa keken a bakin kuɗin kayan, na dawo a ƙafa cikin yayyafi.

Dakali wayam.

Na duba rumfa, na duba zaure, na tambayi mutanen da suka yini a zaune suna kallon dakalin nan. Babu wanda ya gani. Mutumin da zai gaya maka launin zanen matar da ta wuce jiya da la'asar bai ga an ɗauki ƙarfe biyu a gaban hancinsa ba. Daga baya Ɗantani ya ce, shi dai ya ga kamar an shiga da wani abu cikin gida.

Na shiga. Can bayan ɗakuna, inda aka kewaye da zana don wankan Mardiya, hayaƙi na tashi. Gwaggo Mero, yayar mahaifina, ita ke da jegon. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gida, babu macen da ta haihu a unguwar ba ta tsaya a kanta ba. Tana tsaye da ganyen wanka a hannu, babbar tukunya na tafasa a gabanta. Murhun na tubalin ƙasa ne, ruwan sama ya zaizaye kawuna biyu daga cikin uku. Ta kife kwanonina a kansu kamar hula. Wuta na lasar su.

"Gwaggo, ƙarafan nan nawa ne."

"Waɗanne?"

"Waɗanda ke ƙarƙashin tukunya."

"Au, su? A yashe na gan su. Allah ya yi maka albarka, sun zauna daram, kamar don murhun aka yi su."

"Na mota ne. Birki ne."

"To motar ai a tsaye take."

"In babu su ba za ta tsaya ba."

Ta dube ni kamar yadda ake duban wanda rana ta taɓa. "Ɗan nan, shekara da shekaru tana tsaye. Yanzu kuma ka ce ba za ta tsaya ba?"

Na ce zan kawo mata duwatsu. Ta ce murhun jego in an ɗora tukunya ba a ɗaga shi sai an yi arba'in, in aka ɗaga sanyi ya shiga jikin maijego, ya zauna har abada. Ban taɓa jin wannan dokar ba. Na tambayi tsofaffi biyu a unguwa, su ma ba su taɓa ji ba, amma suka ce in Mero ta faɗa to haka ne. Haka dokokin gidanmu suke. Ana haifar su ne a daidai lokacin da ake bukatarsu, su fito da furfura.

Na je wa Baffa.

"Maganar mata ce," in ji shi. "Ba na shiga."

"Ita Mardiyar za a ɗauka a motar."

"To ai ka ga an yi daidai. Ƙarfen ya yi mata aiki sau biyu." Ya ɓare goro. "Wai tsaya. Abin nan na tafiya ne ko na tsayawa?"

"Na tsayawa."

"Mu kuwa tafiya muke so. Na gaban ba ya nan?"

"Yana nan."

"To? Jaki ma da linzami ɗaya ake tsai da shi." Zaure ya ɗauka. Ya jira suka gama. "Ka ji ni da kyau. In ka taɓa murhun nan, kai da motar ku nemi wani gida. Ranar da aka sauke tukunya ka ɗauki abinka."

Duk da haka na je gindin Dala na ɗauko duwatsu uku a ka, masu kyau, na dire mata. Ta yi godiya ƙwarai. Ta danne gindin zana da su don iska.

Na koma rumfa na yi abin da ya rage. Na sare tsofaffin ƙusoshi, na cire ragowar fatun, na ɗora sababbi, na buga tagulla ɗaya bayan ɗaya, daga tsakiya zuwa baki, don kada fata ta yi tudu. Na wanke gidan mai, na goge tsatsar cikinsa da tsumma, na sa sababbin robobi. Wayar birkin hannu ta ƙage, na jiƙa ta a kananzir har ta yarda. Na mayar da sifirin da filaya, ɗaya ya kuɓuce ya tsaga mini yatsa. Na gama komai. Ƙafafun baya suka zauna tsirara, takalma sababbi fil, babu abin da za su kama.

Daga rumfa ana jin bayan gida. Safe da yamma Gwaggo na gama wanka, sai ta ɗebo ruwan randa ta kwara wa wutar, don kada itace ya ci a banza. Sai ka ji caaa. Ƙarfen zubi, ya yi ja a wuta, a watsa masa ruwan sanyi. Ko malamin kimiyyarmu na Zariya, da ba ya gane komai sai abin da ke allo, ya san ƙarshen wannan.

Na je na ce mata, to ta bar wutar ta mutu da kanta.

"Kai za ka sayi itacen?"

"Zan saro."

"Ji ɗan boko zai saro itace. Da alƙalami?"

Daga ranar ta ƙara yawan ruwan. Ina ji.

Wata la'asar na shiga da niyyar in ture tukunyar kowa ya huta. Mardiya na zaune a ƙofar ɗakinta, wankan ya dafa ta, fuskarta ta yi jawur, tana shan kunun kanwa kamar magani. Tare muka tashi. Ita kaɗai ce a gidan ba ta taɓa ce mini Bature ba. Jaririn na kwance a tabarma can gefe, ba ta kallonsa a gaban mutane, ɗan fari ne. Sunan mahaifina aka sa masa, don haka Abba ake ce masa.

"Yaya Ilu, zo."

Na tsaya.

"Na san abin da ya kawo ka. Don Allah ka bari."

"Ke ma kin yarda da zancen sanyin?"

"Ni ban sani ba. Amma in ka ɗaga, ko atishawa na yi sai an ce kai ne. In wani abu ya sami wancan," ta nuna tabarmar da haɓa, "har ka mutu ba za a daina faɗa ba. Ka bar su da murhunsu." Ta ɗan yi murmushi. "Ni dai ina so in shiga Wudil a motar Baba. Uwar mijina ta ce wai ƙarya ne, gidanmu ba mota."

Na fita ban taɓa komai ba.

Ana gobe tafiya Gwaggo ta sauke tukunya. Ta aiko mini da kwanonin a cikin faifai, da saƙon cewa ta gode, in ba ta amsar ko sun yi mini. Sun yi baƙi ƙirin, tsatsa ta feso musu ja-ja kamar ƙyanda. Na kai su bayan rumfa, inda babu mai gani. Na kankare, na wanke, na goge. Na rataye na dama a yatsa na ƙwanƙwasa. Ya amsa, ba kamar da ba, amma ya amsa. Na rataye na hagu.

Ƙwas. Kamar ka bugi fasasshen tulu.

Na sake bugu. Ƙwas. Na shafa masa kananzir na goge, na juya shi a rana. Ga ta nan, siririya kamar gashi, kananzir na fitowa ta cikinta. Ta taso daga baki, ta ratsa inda takalmi ke kamawa, ta nufi ramin noti.

Na zauna a ƙasa da shi a cinya. Babu wani a Kano. Maƙeri ba ya ɗinke ƙarfen zubi. Baffa ba zai ɗaga rana ba, buhunan farko ma sun iso suna zaure. Tsagar kuwa ba ta ganuwa sai ka san inda take. Tana iya kai mu Wudil ta dawo da mu. Tana iya shekara. Tana kuma iya buɗewa a taka birki na farko mai ƙarfi, kwano ya rabu, takalma su watse, mai ya zube. In man ya zube ta baya, na gaban ma ya tafi, don rijiyarsu ɗaya.

Na tashi na ɗaura shi.

Fitar da iska daga bututun mai aikin mutum biyu ne, ɗaya na taka birki, ɗaya na kwance a ƙasa yana buɗe noti yana rufewa. Na nemi mai taka mini. Baffa da kansa ya ce shi zai hau, don a gan shi. Ya tattare babbar riga ya zauna a bayan sitiyari.

"Taka, Baffa."

"Na taka."

"Wannan totur ne. Na tsakiya."

"To ka ce na tsakiya mana."

"Riƙe. Kada ka saki."

"Na saki."

Haka muka yi ta yi, yana gaisawa da masu wucewa ta taga, ina haɗiyar ƙura, har kumfa ta daina fita, birki ya yi tauri. Na sauke motar daga turame. Na ja ta a hankali zuwa filin bakin kududdufi, unguwa na biye da ni. Na taka da lallashi. Ta tsaya. Aka yi kabbara. Ɗantani ya ce shi dama ya faɗa, yaron nan kansa na ja. Mailafiya ya juya ya tafi, bai yi sallama ba.

Baffa ya dafa kafaɗata. Bai taɓa yi ba. "Ka gani? Wutar Mero ma ƙara musu ƙwari ta yi."



Da hantsi aka fara lodi. Ƙwaryar gara, tulun man shanu, buhun gero, kwanuka, tabarmi a kan rufi an ɗaure da igiya. Bayan motar ya zauna ƙasa. Mata suka cika ƙofar gida. Gwaggo ta shige gaba, kusa da ni, da sabon zane, ta riƙe ƙofa da hannu biyu tun ba a tashi ba. Mardiya ta fito a lulluɓe ta shiga baya. Aka miƙa mata Abba. Ta zauna ta hagu, daidai kan tayar.

Na juya hannun tayarwa, inji ya kama. Na shiga na zauna. A madubi ina ganin ta. Ta ɗauka babu mai kallo, ta ɗan buɗe mayafi tana gyara wa yaron hula, tana taɓa masa kunne da yatsa.

Hanyar Wudil na san ta. Akwai gangara kafin kogi. Akwai shanu masu tsallaka titi ba sallama, da manyan motocin gyaɗa da ba sa kauce wa kowa. Ba hanyar da ake taka birki da lallashi ba ce.

"Bismillah mana," in ji Baffa ta taga. "Rana na yi."

Na kashe injin.

"Ba za ta je ba."

"Me?"

"Kwanon hagu ya tsage. Wutar ce, da ruwan."

"Jiya a gabanmu ta tsaya."

"Jiya babu kowa a ciki."

"Kai, tashi mu gani. Allah ne mai kiyayewa."

"Shi ne. Shi ya nuna mini tsagar."

Fuskarsa ta canja. Ba tsoro ba ne, kunya ce, ga surukai biyu da suka zo rakiya daga Wudil suna tsaye. Ya rage murya. "Ilu, kada ka tozarta ni a gaban baƙi. Ka kai ta, ka dawo, rumfa taka ce har abada. Na faɗa a gaban mutane."

"In shi ba zai ja ba," in ji Ɗantani, "akwai wani direba a Mandawari, yanzu sai in kira shi. Mota ai mota ce."

Wannan ne ya fitar da ni. Na san za su kira shi. Na san zai zo, ya taka birki sau ɗaya a tsaye, ya ce lafiya lau.

Na ɗauko jak. "Ku sauko."

Mardiya ta sauko ba musu. Gwaggo ta ce ita ta riga ta yi bismillah, ba ta sauka. Na ɗaga motar da ita a ciki. Motar ta karkata, ta yi ta salati tana zagin boko da wanda ya kawo shi. Na kwance notocin ɗaya bayan ɗaya, ban yi sauri ba. Baffa na magana a kaina, ban ji me yake cewa ba. Na cire taya na jingine. Na zaro kwanon. Na ɗora shi a kan dakalin da aka ɗauke shi, na ɗaga shi yadda kowa zai gani, na ƙwanƙwasa.

Ƙwas.

"To me?" in ji Baffa. "Ganga ce da za ta yi zaƙi?"

Na ajiye shi. Na ɗauki guduma, ba babba ba, na buga masa sau ɗaya a baki, bugun da bai kai na fasa goruba ba. Ya rabe biyu. Rabi ya faɗo daga dakali ya gangara ya tsaya a gaban takalmin Baffa. Cikin tsagar baƙi ne kusan duka, tsohon rauni, sai ɗan farin bakin da ya rage yana riƙe da shi.

Na ɗauka wani zai duba baƙin cikin tsagar ya gane. Na manta inda nake.

"Ya fasa!" in ji Ɗantani. "Da hannunsa ya fasa!"

"Lafiyayyen ƙarfe," in ji Gwaggo daga cikin motar da ke karkace. "Arba'in ya yi a wuta bai ce uffan ba, sai da ya zo hannun mai ilmi."

Baffa ya dube ni ya daɗe. Sannan ya juya ya ce a sauke kaya, a nemo jakuna su kai tasha, a aika Jakara a gaya wa Mailafiya.

Ba a bukaci aike ba. Yana bakin lungu tun safe, da kurfin sarar ƙarfe da babbar guduma a cikin buhu.

Mardiya ce ta ƙarshen tafiya. Ta tsaya kusa da dakali kamar tana gyara goyo. Ta sunkuya ta ɗauki rabin kwanon, ta juya shi, ta sa babban yatsa a kan baƙin. Ba ta dube ni ba.

"Yaya, sai ka zo Wudil."

"A me?"

"A ƙafa ma." Ta ajiye ƙarfen a hankali ta bi jakuna.

Kafin azahar Mailafiya ya kwance ƙofofi. Ya nemi in ara masa sifana, ya ce kurfi na ɓata noti. Na ba shi. Ina tsaye ya zaro takalman da na buga wa tagulla, sababbi, ko gogewa ba su yi ba, ya juya su, bai ga abin da za a ƙera da su ba, ya jefar gefe.

Kwanon dama na ɗauke kafin ya kai gare shi. Ina riƙe da shi Gwaggo ta leƙo daga zaure, ta canja zane.

"Ilu, wannan ɗayan fa? Tunda ba shi da sauran aiki. Husaina ta gidan Malam Isyaku watanta ya kama, murhunsu kuwa duk ya zube."

Na nuna mata dakali. "Ga biyu can. Na raba miki."

"Wannan mai lafiyar nake so."

Na wuce ta. Na bi lungu har bakin kududdufi, ya cika ya batse, kore shar. Na rataye kwanon a yatsa na buga masa sifanar da ta rage a aljihuna. Ya yi ƙara mai tsawo, har wasu mata masu wanki suka ɗago. Na jira ta mutu. Sannan na wurga shi tsakiya, inda ko da rani ba ya ƙafewa.

Da na dawo an fara jera buhuna a rumfa, ta gefen da aka riga aka share. Baffa na tsaye yana nuna inda za a sa. Bai juyo ba ya ce, ranar Litinin ana ɗaukar akawu a En'e.

Na ce na ji.